Kan jirgin kwal a hawan Kagoro cikin hunturu: zai yiwu ba tare da mun cinna wa jama'a wuta ba?

Ɗan Mai Shebur:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ƙarshen damina, kuma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin in kai ga tambayar, a yi haƙuri da ni.

Ni makaniken manyan injuna ne a Kakuri, nan cikin Kaduna. A Kafanchan aka haife ni, a kwatas ɗin ma'aikatan reluwe, domin mahaifina, Allah ya jiƙansa, fayaman ne, shi ke zuba wa kan jirgi kwal. Shebur ɗinsa na nan jingine a bayan ƙofar ɗakina har yau. Bakinsa ya cinye ta gefe guda, ƙotar kuma ta yi baƙi ta yi santsi daidai inda hannunsa ke kamawa. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga da ni cikin kan jirgin, ina ɗan shekara takwas, daga Kafanchan zuwa Jos. Da muka wuce Kagoro da Manchok dogo ya miƙe hawa, sai numfashin injin ya sauya, ya koma nishi ɗai-ɗai mai nauyi wanda har a ƙirji ake jin sa. Baba ya daina magana da kowa. Ya buɗe ƙofar murhu, shebur huɗu, ya rufe, ya kai ido ga gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunya, ya sake buɗewa. Magariba ta kawo kai, na ɗaga kai na ga jajayen tartsatsi suna tashi daga bututun hayaƙi suna bin iska ta bayanmu. A ranar sha'awa suka ba ni. Yau da furfura ta fito mini, abin da nake tambayar kaina shi ne a ina suke sauka.

Mu goma sha ɗaya ne, duk 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan reluwe, muna haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata. Burinmu mu rubuta wa hukuma takarda, a ba mu dama a tayar da tsohon kan jirgi mai tururi guda ɗaya da tarago biyu ko uku, ya riƙa ɗaukar 'yan makaranta da masu yawon buɗe ido daga Kafanchan ya hau da su tsaunukan Filato. Wannan reshen dogo tun 1927 ya isa Jos. Kafin shi ma akwai ɗan siririn dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Bukuru don kwasar kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, wanda aka gama a 1914 aka rufe a 1957, ragowar kawunansa na ajiye a gidan tarihi na Jos. Autana yana aji uku a sakandare, amma a saninsa jirgin ƙasa ya fara ne ranar da aka buɗe tashar Rigasa a 2016. Wannan abu yana yi mini ciwo.

To ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da mutane ke da hutu da ɗan abin hannu shi ne daga tsakiyar Disamba zuwa bikin Afan na Kagoro, ranar 1 ga Janairu. Mai riƙe mana lissafi ya ce in aka cire waɗannan makonni, kuɗin tikiti ko kwal ba zai saya ba. Amma kowa ya san yadda gefen dogo yake a wannan lokaci. Gamba ta fi mutum tsayi ta bushe ƙamas, damman dawa jibge a gonaki, iskar hunturu na kaɗawa tun hantsi. In kuma shekarar fari ce, ruwa ya ɗauke da wuri, tun Nuwamba ƙoramu sun koma yashi.

Wani daga cikinmu ya ce a sa kan dizal a baya ya riƙa turawa, mai tururin ya shige gaba yana ɗan hayaƙi saboda masu ɗaukar hoto. Na ce ba da ni ba. In yaro bai ji wannan nishin a kan hawa ba, bai ga mutum yana ciyar da wuta da shebur ba, me muka nuna masa?

Ƙasashen da har yanzu suke tuƙa irin waɗannan jirage a kan duwatsu, yaya suke yi in fari ya zo? Rariyar ƙarfen da ake sawa don tare tartsatsi, ta wadatar? In akwai wanda ya yi aikin nan da hannunsa, ina roƙonsa ya faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Ɗan Tudun Wada a Amurka:

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan Baba da rahama. A jihar Kolorado na yi karatu, kuma na hau irin jirgin da kake kwana da shi a rai, don haka bari in ba ka labarinsa yadda yake.

Yana tashi daga garin Durango ya hau zuwa Silverton, tafiyar mil 45 a gefen kogin Animas. Akwai wurin da dogon ke maƙale a jikin dutse, in ka leƙa ta taga sai ka hango kogin can ƙasa kamar zare. Tun 1882 aka gama shi don kwasar azurfa da zinariya, faɗinsa ƙafa uku, bai kai namu na ƙafa uku da rabi ba. Daga tsayin mita kusan 2,000 yake farawa, ya ƙare a sama da mita 2,800. A lokacin da yake aiki da kwal, zuwa da dawowa, kai ɗaya yakan ci kwal kimanin tan 6, ya sha ruwa kimanin galan 10,000. Masu otal, masu gidan abinci, masu shaguna a garuruwan biyu, da wannan jirgin suke ci.

Kada ka ɗauka ba su yi tanadi ba. Rariyar da kake magana suna da ita. Suna da ƙananan motocin dogo da ke bin bayan jirgi da ruwa, suna duba inda hayaƙi ya tashi su kashe tun yana ƙarami. Har jirgi mai saukar ungulu sukan ɗauka haya ya zauna cikin shiri. Duk da haka, ranar 1 ga Yuni 2018, bayan hunturun da ƙanƙara ba ta sauka da yawa ba, wuta ta tashi a gefen dogo wajen mil goma arewa da Durango, a inda jirgi ke hawa da ƙarfi. Ita ce suke kira gobarar 416. Ta ci daji fiye da eka 54,000, aka kwashe mutane daga gidaje sama da dubu, jirgin ya tsaya cik na makonni a tsakiyar lokacin cinikinsa. Da ruwan sama ya zo daga baya, tunda babu sauran tsiron da zai riƙe ƙasa, laka da duwatsu suka gangaro suka rufe hanya da dogo, suka shiga wa mutane gida. Gwamnatin tarayyar Amurka ta ce garwashin kwal ɗin jirgin ne, ta kai kamfanin kotu a 2019. A 2022 aka yi sulhu, kamfanin ya yarda zai biya dala miliyan 20, ko da yake bai amsa laifi ba.

Maganin da suka yi wa kansu shi ne mayar da kawunan jirgin daga kwal zuwa mai. Na farko, mai lamba 493, ya fara aiki da mai a 2020, zuwa 2024 sun rabu da kwal baki ɗaya. Tukunya na nan, tururi na nan, usur na nan, nishin da kake so a kan hawa shi ma yana nan. Shebur ne kawai ya tafi, fayaman yanzu famfo yake murɗawa. Maƙwabcinsu, jirgin Cumbres & Toltec, mai ratsa iyakar Kolorado da Niyu Meziko, a 2022 sai da ya jinkirta buɗe tafiye-tafiyensa zuwa Yuli saboda bushewar daji. A Ostireliya ma, jirgin Puffing Billy da ke kusa da Melbon, ranar da hukuma ta hana kunna wuta a waje, mai kwal ba ya fitowa, dizal ke jan taragun.

Ni dai shawarata, in dole sai Disamba, to mai. Kuma ka tuna waɗancan suna da inshora, suna da 'yan kwana-kwana na daji, suna da jiragen zuba ruwa, amma wutar ta fi ƙarfinsu na makonni. Mu in ta tashi tsakanin Manchok da Kuru, wa za a kira?

Tsohon Direba:

Ɗana mai tambaya, jikata ce ke rubuta mini, ni idona ya yi rauni. Da goge inji na fara, na yi fayaman shekara tara, sannan aka ba ni tuƙi, har aka kawo dizal muka koma kansa. Hawan da ka ambata na san shi kamar tsakar gidana.

Bari in gaya maka mene ne nishin nan. Tururin da ya gama tura ƙafafun jirgi ba a zubar da shi a banza, ana sako shi ta cikin akwatin hayaƙi ya fice ta bututu da ƙarfi. Wannan fitar ita ke zuƙo iska ta ƙarƙashin murhu ta hura wutar, kamar zugazugin maƙeri. Kowane nishi zuƙa ɗaya ce. A kan shimfiɗa zuƙar a hankali take. A kan hawa, in direba ya buɗe tururi sosai, zuƙar takan ɗaga ƙananan garwashi daga kan wuta, ta ja su ta cikin bututan tukunya, ta jefa su sama. Ka gane? Sautin da kake so yara su ji, shi ne dai mai watsa garwashin. Ba a raba su muddin kwal ne a murhu. Kwal ɗin Inugu da muka yi aiki da shi kuwa mara nauyi ne, yana marmashewa, yana saurin tashi.

Rariya tana taimako, ban ce ba ta yi ba. Amma in idonta ƙanana ne toka ke toshe ta, wuta ta shaƙe, tururi ya faɗi kana tsakiyar hawa da kaya a bayanka. In idonta manya ne garwashi ya wuce. Na san waɗanda suka taɓa faɗaɗa idon da ƙusa don kada a ce sun makara. Kullum sai an buɗe ƙofar gaba an kwashe tokar, an duba ko ta yage, kuma mutum mai tsoron Allah ne zai duba, ba mai sauri ba.

Sannan wuta ba ta sama kaɗai take fita ba. Kaskon toka da ke ƙarƙashin murhu in ƙofarsa ba ta rufu sosai ba, yana zubar da garwashi tsakanin dogo. A gangara kuma, dawowa daga Jos, birki ne. Ƙarfe ne ke goga ƙarfe, da dare za ka ga wuta na tartsatsi a ƙafafun taragu. Wannan ko mai kuka sa, ko dizal, yana nan. Dizal ma in ya daɗe a tsaye yana aiki a hankali, baƙin ƙuna na taruwa a bututunsa, ranar da ya ja da ƙarfi ya tofo shi da wuta. Mai mai kuma, lokacin da ake watsa yashi a murhu don kankare bututan tukunya, a nemi inda babu ciyawa.

Zan gaya maka abin da ban cika faɗa ba. Wata rana cikin Janairu ina fayaman, tururi ya ƙi mini a kan hawa. Na ɗauki dogon ƙarfe na tone wutar, daidai lokacin da inji ke ja da dukan ƙarfinsa. An koya mini ba a yin haka, amma na ji kunyar a ce na kasa. Garwashi ya tashi kamar an watsa tsakuwa. Muka wuce. Washegari muna dawowa na ga gefen dogo baƙi ƙirin har gindin dutse, hayaƙi bai gama mutuwa ba. Wani mutum na tsaye kusa da inda dammansa suke jiya, riƙe da reshen bishiya da ganyensa ya babbake, ƙafafunsa duk toka. Bai jefe mu ba, bai yi ihu ba, kallonmu kawai ya yi har muka shige. Laifina ne ni kaɗai. Shekara fiye da sittin ke nan ina neman gafarar Allah a kan wannan mutumin, ban san sunansa ba balle in nemi tasa.

Ka yi maganar fari, to kada hankalinka ya tsaya a kan wuta kaɗai. Kan jirgi ruwa ya fi ci, ba kwal ba. Duk nauyin kwal ɗin da ka zuba, sai ka ba shi ruwa ninki shida ko fiye. A farin 1973 na ga tankin tasha ana tatsar sa kamar nonon tsohuwar saniya, abin da ke fitowa rabi laka. Irin wannan ruwan yana sa tukunya kumfa, ya bar ɓawo a jikin ƙarfe. Kuma hawa yana yaudara. Kana hawa ruwa yana komowa baya, gilashi ya nuna maka a cike, kana karya kai gangara sai ya gudu gaba ya bar rufin murhu tsirara a kan wuta. Akwai toshiyar dalma da ke narkewa ta yi gargaɗi, amma wanda ya bari ta narke ya riga ya yi kuskure. Ka tambayi kanka kuma, ruwan da injin zai sha a watan Janairu, ba shi ne mata ke bin layi da jarka a kansa ba?

A zamaninmu leburorin dogo sukan sare ciyawar gefe, su ƙone ta da sanyin safiya tun ba ta gama bushewa ba, kafin iska ta tashi. Ƙafa da ƙafa ake yi, kowace ƙungiya da nata yankin. Ku goma sha ɗaya ba za ku iya wannan ba.

In za ka ji ta bakina, ka hau da shi daga Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, dutsen Kagoro kore shar, ruwan Matsirga na zuba. Dogo zai yi santsi, sai ku cika akwatin yashi busasshe, a kuma riƙa duba inda ruwa ya zaizaye ƙasa. Sannan ku naɗa mutum ɗaya wanda in ya ce yau ba a tashi, ba a tashi, ko gwamna ne a cikin tarago. Kada ya zama mai sayar da tikiti, kada kuma a rage masa ko kwabo ranar da ya hana.

Maman Tagwaye:

Baba Tsohon Direba, Allah ya saka da alheri, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na karanta labarinku hawaye na zubo mini, domin mutumin nan mai reshe a hannu na san irinsa. Mahaifiyata ce.

Ni a Sabon Tasha nake zaune, amma gonarmu tana ƙauye a kudancin jihar nan. Shekara huɗu da suka wuce wasu samari masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawa wuta da rana tsaka. Kafin a ɗebo ruwa daga rafi ta tsallaka gonaki biyar. Damin dawa arba'in da biyu na mahaifiyata, da harawar da ta tara wa awaki, da cittar da aka tsaga aka shanya ana jiran ta bushe a kai kasuwa, duk suka tafi kafin la'asar. Cittar nan ita ce kuɗin makarantar ƙannena biyu. Da na isa washegari na tarar da ita a durƙushe tana tone toka da hannu, tana tsince ƙwayoyin dawar da ba su ƙone duka ba tana zubawa a ƙwarya. Ba wanda ya biya mu ko sisi.

Malam mai tambaya, ba na raina burinka, wallahi ni ma ina so 'ya'yana su ga wannan jirgin. Amma na karanta rubutunka sau biyu, na ga hukuma, na ga 'yan makaranta, na ga masu yawon buɗe ido, ban ga inda ka ce za ku je wajen dagatai da manoman da gonakinsu ke manne da dogon ba. Su ne za su ɗauki hatsarin, ku ku ɗauki kuɗin tikiti. Can Amurka an ce kamfani ya biya miliyoyi. A nan wa zai biya tsohuwa mai dami arba'in? A rubuce yake, ko sai an ƙone sannan a ce a yi haƙuri ƙaddara ce?

Akwai kuma abin da duk ɗan yankin nan ya sani. A wajenmu wuta ba ta tsayawa a wuta. In gona ta ƙone, tambayar farko ita ce wa ya sa. Manomi ya zargi makiyayi, makiyayin da ciyawar shanunsa ta ƙone ya zargi manomi, jirgin da ya jefa garwashin kuwa ya daɗe da isa Bukuru. Mun binne mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Don Allah ku sa wannan a lissafinku kafin kuɗin kwal.

Mai Bin Dogo:

Ni tambayata ƙarama ce. A cikinku akwai wanda ya taka dogon nan da ƙafarsa kwanan nan? Ya daɗe jirgi bai bi shi a kai a kai ba, kuma an sha kama ɓarayin ƙarfen dogo a sassan ƙasar nan. Wani wurin gona ta matso har bakin tsakuwa, wani wurin bishiya ta tsiro a tsakiya. Tukunyar da ta shekara arba'in a ajiye kuma sai an cika ta da ruwa an matsa mata an ga ba ta tsatsa kafin a kusanto ta da ashana. Ga maganar tsaro, tun harin da aka kai wa jirgin Abuja a Maris 2022 iyaye ba sa sakin yara haka nan. Ku fara da gajeriyar tafiya, Kafanchan zuwa Kagoro kawai, ku ga abin da hali zai yi.

Ɗan Mai Shebur:

Na gode ƙwarai, jama'a. Kwana uku na yi ban amsa ba, ina juya maganganunku.

Baba Tsohon Direba, ni makanike ne, na san yadda iska ke bi cikin inji, amma ban taɓa haɗa nishin nan da tartsatsin nan a matsayin abu ɗaya ba sai da kuka faɗa. Daren jiya na ɗauko shebur ɗin na daɗe ina kallon sa. Mahaifina ba ya ba da labarin aiki cikin hunturu, in an tambaye shi sai ya sauya magana. Yanzu ina jin shi ma akwai wani mai reshe a hannu da ya taɓa kallon sa. Allah ya gafarta musu.

Maman Tagwaye, gaskiyarki ce, kuma na ji kunya. Wata shida muna zama, ba wanda ya ambaci mai gona ko sau ɗaya, ni ma ban ambata ba. Allah ya mayar wa Mama da alheri.

Ƙanena na Amurka, na fahimci hujjarka, kuma in da kuɗi ne kaɗai abin dubawa da na bi ka. Amma kan jirgi ba a sauya masa abinci kamar riga, yau kwal gobe mai. In aka cire sandunan murhu aka jera bulo aka sa bututun mai, shebur ya tafi ke nan, ni kuwa shebur ɗin nake so yara su gani. Ga birki da Baba ya ce ko da mai yana nan. Don haka abin da zan kai wa 'yan uwana ranar Asabar shi ne mu bar shi da kwal ɗinsa, mu haƙura da hawa a Disamba. A hau daga Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri a rufe da wuri, a riƙa bin hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet. Lokacin Afan kuwa a hura shi a tsaye cikin filin tashar Kafanchan, a share kewaye tas, a ajiye tankin ruwa a gefe, yara su hau ɗaya bayan ɗaya su ga murhu a buɗe, kowa ya jefa shebur guda, a busa musu usur. Na san mai lissafinmu zai ce asara ce, kuma zai yiwu wasu su fice daga tafiyar. Zan ce masa ya sake lissafin da gajeriyar tafiyar da Mai Bin Dogo ya kawo, ya kuma ware wani abu daga kowane tikiti a ajiye da sunan masu gonakin gefen dogo, a hannun wanda su suka zaɓa.

Takardar hukuma na jingine ta tukuna. Makon gobe ni da autana za mu sauka Kafanchan, mu taka dogon da ƙafa zuwa Kagoro, mu rubuta kowace gona da ke gefensa da sunan unguwarta, mu gaida masu unguwanni mu ji ta bakinsu. Baba, in jikarku za ta turo mini saƙo ta akwatin sirri, ina so in zo gaishe ku kafin tafiyar, ku nuna mini a takarda wuraren da inji ya fi ja da inda ake shan ruwa. Zan zo da shebur ɗin.